Tsohuwar kyamara a sabuwar riga: Kuɗin suna ake biya ko kuɗin aiki?

A watan Yulin 2024 kamfanin Leica na ƙasar Jamus ya fara sayar da wata ƙaramar kyamara mai suna D-Lux 8 a kan dala 1,595. Tun kafin ta isa shaguna, masu ɗaukar hoto suka fara jera bayananta kusa da na wata kyamarar kamfanin Panasonic na Japan, wato LX100 II, wadda ta fito tun 2018 a kan dala 999.

Gilashin gaba iri ɗaya ne. Farantin da ke karɓar haske a ciki, wanda ake kira sensa, shi ma girmansa ɗaya, kuma megafiksel 17 yake bayarwa a duka biyun. Abin da ido ke fara gani na bambanci shi ne jan ɗigon nan mai ɗauke da sunan Leica a gaban kyamarar, sai kuma ƙarin kusan dala 600.

Nan take tsohuwar muhawara ta dawo: idan kamfani mai suna ya ɗauko kayan wani ya sauya masa riga ya ƙara kuɗi, ciniki ne ko wayo?

Ba kasafai za a ga Leica a wuyan mai hoton biki a Hotoro ko Gyadi-Gyadi ba. Amma sunan ya riga ya iso Kano ta wata ƙofar, domin yana rubuce a bayan wasu wayoyin da ake sayarwa. Tambayar da ta raba kan masu hoto a Turai da Amurka kuwa, ita ce mai saye ke fuskanta kullum a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni.

Me Leica ta sauya?

Alaƙar Leica da Panasonic ba ɓoyayya ba ce. Sun fi shekara 20 suna aiki tare. Panasonic na sa sunan Leica a gilashin kyamarorinsa na Lumix, ita kuma Leica tana ɗaukar wasu ƙananan kyamarorin Panasonic ta fitar da su da sunanta. Jerin D-Lux da V-Lux da C-Lux duk daga wannan haɗin gwiwa suka fito.

D-Lux 7 ta 2018 tagwaye ce da LX100 II, an sa mata dala 1,195. V-Lux 5 ta 2019 kuma 'yar uwar FZ1000 II ce.

A D-Lux 8 an yi wasu sauye-sauye na gaske. An rage maɓallai, an sake tsarin manhajar ya yi kama da na babbar yayarta Q3, an sa sabon madubin leƙe, kuma tana adana ɗanyen hoto a tsarin DNG, wanda manhajojin gyaran hoto da yawa ke buɗewa kai-tsaye. Sai dai gilashin da ke gabanta tsarinsa ya faro ne tun daga LX100 ta farko, ta shekarar 2014.

Ba Panasonic kaɗai ba. A ƙarshen 2023 Leica ta fitar da Sofort 2, kyamarar da ke wanke hoto nan take, a kan dala 389. Masu hoto suka gane cewa a ciki Instax Mini Evo ce ta Fujifilm, wadda a lokacin ake sayarwa kusan dala 200.

Abin da ya faru da Hasselblad

Idan ana zancen sauya wa kyamara riga, sunan da ke fara zuwa bakin masu hoto shi ne Hasselblad na birnin Gothenburg a ƙasar Siwidin.

Kamfani ne mai tarihi. Da kyamarorinsa 'yan sama-jannatin Amurka suka ɗauki hotuna a duniyar wata a 1969, kuma har yau akwai guda 12 da aka baro a can domin rage nauyin kumbon da zai dawo da su gida. Shekaru da dama, ganin Hasselblad a situdiyo alama ce ta cewa mai wurin ya kai ƙololuwar sana'a.

A 2011 wani kamfanin zuba jari mai suna Ventizz ya sayi Hasselblad. Shekara guda bayan haka, a watan Satumbar 2012, a bajekolin Photokina da ke birnin Kolon na Jamus, aka bayyana wata kyamara mai suna Lunar, sunan da ke nuni ga duniyar wata. An yi mata mariƙi na katako mai tsada da fata, an ƙawata maɓallanta, aka ce za ta kai kusan Yuro 5,000.

A cikin rigar kuwa, Sony NEX-7 ce, wadda a lokacin ake sayarwa kusan dala 1,200.

Masu hoto suka yi mata ca. An yi ta zana hotunan barkwanci ana liƙa wa kayan banza mariƙin katako ana kiransu Hasselblad. Wasu suka juya sunan zuwa kalmar Turanci mai nufin taɓin hankali, saboda kalmomin biyu sun yi kama.

Kamfanin bai ja da baya nan da nan ba. A 2013 ya fitar da Stellar, wadda Sony RX100 ce ta dala 650, ya sa mata kusan dala 2,000. A 2014 ya ƙara da HV, wato Sony A99 ta kusan dala 2,800, aka haɗa ta da gilashi da akwati a kan dala 11,500.

Ƙarshenta bai yi kyau ba. Shugaban kamfanin na lokacin, Larry Hansen, ya bar kujerarsa. An rufe cibiyar zane da aka buɗe a Italiya domin waɗannan kyamarori, sauran da suka rage a shaguna kuma aka karya musu farashi. Sabon shugaba, Perry Oosting, ya bayyana a 2015 cewa kamfanin zai koma kan abin da aka san shi da shi. A 2016 suka fitar da X1D, kyamarar da suka tsara da kansu, sannan ne masu hoto suka fara sake kallonsu da mutunci.

A wannan tsakanin ne kamfanin DJI na ƙasar Sin, mai ƙera jirage marasa matuƙi, ya sayi hannun jari a Hasselblad a 2015, daga baya ya zama shi ke da rinjaye.

Me ke tura kamfanonin?

Amsar farko ita ce wayar hannu. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna cewa a 2010 an fitar da kyamarori kusan miliyan 121 zuwa kasuwannin duniya. A 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba. Wayar da ke aljihun kowa ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori.

Ƙirƙirar sabuwar kyamara daga tushe na cin maƙudan kuɗi: sensa, ƙwaƙwalwar sarrafa hoto, tsarin da ke kama fuska ya daidaita gani, manhaja. Kamfani kamar Sony ko Canon yana raba wannan kuɗi a kan kyamarori masu ɗimbin yawa. Ƙaramin kamfani mai sayar da kaɗan ba zai iya ba.

Shi ya sa kusan kowa ke saye daga wani. Sony ne ke ƙera sensa na kyamarori da yawa na wasu kamfanoni, har da na Nikon da dama, har da ita kanta X1D da ta dawo wa Hasselblad da martaba. Babu kyamarar da kamfani ɗaya ya ƙera komai nata.

Amsa ta biyu ita ce, suna kansa haja ne. Leica ta fara sayar da kyamararta ta farko a 1925, bisa ƙirar injiniya Oskar Barnack a garin Wetzlar. Shekara 100 na tarihi abu ne da ake iya sa wa farashi. Kyamarar M11, wadda kamfanin ke haɗawa da kansa, ta fito a 2022 a kan dala 8,995 ba tare da gilashi ba. Wanda ke sha'awar jan ɗigon amma ba shi da wannan kuɗi, D-Lux ce ƙofar shigarsa.

Kuma dabarar ba ta karya Leica ba. Kamfanin ya sanar da cinikin Yuro miliyan 554 a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024, mafi yawa a tarihinsa zuwa lokacin. D-Lux 8 ta kuma fito a daidai lokacin da matasa suka sake komawa ga ƙananan kyamarori, har Fujifilm X100VI ta dala 1,599 ta yi wuyar samu a shaguna, ita kuma LX100 II ta riga ta ɓace daga kasuwar sababbi.

Ba kowace sauya riga ke jawo fushi ba

A nan ne lamarin ke da ɗan sarƙaƙiya. A 1998 Hasselblad ta fitar da XPan, kyamarar fim mai ɗaukar hoto mai faɗi. Fujifilm ne ya ƙera ta, kuma a Japan ana sayar da ita da sunan TX-1. Babu wanda ya yi mata dariya. Har yau masu hoto na rububinta a kasuwar na-hannu da tsada.

Haka Leica CL ta 1973, a masana'antar Minolta da ke Japan aka ƙera ta. Leica R3 ta 1976 ma a kan ƙirar Minolta aka gina ta.

To me ya raba XPan da Lunar?

Na farko, XPan sabon abu ce da kamfanonin biyu suka kawo tare, tana yin aikin da sauran kyamarori ba sa yi. Lunar kuwa ba ta ƙara wa hoto komai ba. Hoton da za ta ɗauka shi ne NEX-7 za ta ɗauka.

Na biyu, girman ratar farashi. Ƙarin kashi 20 cikin ɗari, kamar yadda aka gani tsakanin D-Lux 7 da tagwayenta, abu ne da mai saye zai iya yi wa uzuri. Ninki huɗu ko fiye kuwa, sai ya ji an raina masa hankali.

Na uku, wa aka yi wa kayan? Ƙwararrun da suka yi shekaru suna biyan kuɗi mai yawa a kan Hasselblad sun ga kamar kamfanin ya juya musu baya ya koma neman attajiran da ke son abin ado. Sunan da suke tinƙaho da shi a gaban abokan cinikinsu ya zama abin dariya, darajar kayan da ke hannunsu ta shiga haɗari.

Inda masu hoto suka rabu

Martanin masu hoto kan irin wannan ciniki ya kasu gida uku.

Kashi na farko na ganin yaudara ce cikin ladabi. Hujjarsu ita ce, kamfanin ba ya rubuta sunan wanda ya ƙera kayan a jikin kwali da manyan baƙaƙe, kuma yana cin riba ne daga wanda bai sani ba.

Kashi na biyu na ganin babu laifi. Ba a tilasta wa kowa ba, bayanan suna fili ga mai bincike, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Suna ƙarawa da cewa a wasu samfuran baya Leica ta haɗa wa mai saye da lasisin manhajar gyaran hoto, kuma kayanta kan riƙe daraja idan aka tashi sayarwa.

Kashi na uku su ne masu cin abinci da kyamara. Su tambayarsu ɗaya ce: wannan ƙarin kuɗi, zai dawo? Mafi yawan masu hoton Kano a wannan layi lissafinsu ya ajiye su, ko suna so ko ba sa so.

Lissafin a Kano

Kafin watan Yunin 2023, dala ɗaya a farashin gwamnati tana kusan naira 460. Bayan da aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, ta haura 1,500 a 2024. Babu kyamara ko gilashi ko fitilar hoto da ake ƙerawa a Najeriya, don haka kowane kayan aiki ya bi dala.

A kan naira 1,500, D-Lux 8 ta kai kusan naira miliyan 2.4 kafin kuɗin dako da na kwastan. Ratar dala 600 da ke tsakaninta da farashin LX100 II na asali kuwa naira 900,000 ce. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, wato 840,000 a shekara. Kuɗin jan ɗigon da sauye-sauyen da suka zo da shi ya fi albashin shekara guda na ƙaramin ma'aikaci.

Ga matashin da ke ɗaukar hoton kamu da ɗaurin aure da walima a wuraren taron Hotoro, ko mai ɗaukar bidiyon waƙa a ofisoshin 'yan fim da ke titin Gidan Zoo, wannan kuɗi gilashi ne mai kyau, da fitila, da batura, da katin ajiya. Waɗannan su ne abubuwan da ke sauya yadda hoto ke fita.

Akwai kuma batun gyara. Kyamarar da ke aiki a Kano tana shan ƙurar hunturu, tana shan zafin bazara da kan haura digiri 40, tana shiga turmutsutsin Hawan Daushe da Hawan Nassarawa. Dole wata rana ta nemi mai gyara. Canon da Nikon da Sony su ne aka fi sani, su ake samun batirinsu da cajarsu da na-hannunsu cikin sauƙi, kuma abokin sana'a zai iya ara wa mutum gilashi ranar da nasa ya ba shi matsala. Garantin kamfanin da sai an aika kaya Turai kafin a amfana da shi, ba shi da wani tasiri ga wanda ke da biki ranar Asabar.

Masu motoci sun daɗe da sanin wannan darasi. Lexus ES da Toyota Camry gida ɗaya suka fito, suna tarayya a ƙashin ƙira da inji a samfura da dama, kuma makanikai da 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa sun san kayan gyaran da ke shiga duka biyun. Mai sayen Lexus ya san da Toyota a ciki, yana kuma samun ƙarin jin daɗi da yake iya taɓawa da hannu. Amma da Aston Martin na Ingila ya ɗauki ƙaramar Toyota iQ a 2011 ya kira ta Cygnet ya sa mata sama da fam 30,000, kasuwa ta ƙi karɓa, aka daina ƙera ta a 2013.

Su ma masu hoto suna sayar da suna

Akwai wani ɓangare da masu hoto ba su cika son a taɓo ba. Abin da suke zargin Leica da shi, yana faruwa a cikin sana'arsu.

Iyalan amarya kan biya kuɗi mai yawa domin sunan wani fitaccen mai hoto da suka gani a Instagram. Ranar biki sai a ga yaransa ne suka zo, ko ma wani da aka ɗauko haya na yini ɗaya, saboda maigidan yana da taro biyu ko uku a rana guda. Hotuna su fito da tambarinsa a gefe.

Wannan ba lallai ne ya zama laifi ba. Idan maigidan ne ya horar da yaran, shi ya tsara yadda za a haska fitila, shi ya duba gyaran kowane hoto kafin a miƙa albam, to sunansa ya yi aiki. Idan kuwa iyakarsa karɓar kuɗi da buga tambari, to ya yi wa abokin cinikinsa irin abin da aka yi wa masu sayen Lunar. Kuma biki ba a maimaita shi.

Ta wani ɓangaren kuma, su ma masu hoton suna shan matsin suna. Akwai abokan ciniki da ke auna ƙwarewa da girman kyamara da tsawon gilashi. Wanda ya zo da ƙaramar kyamara, ko da ta fi aiki, sai a yi masa kallon ɗan koyo. Wannan kan sa matashi ya ci bashi ya sayi abin da zai burge ido, ya bar abin da zai gyara hoto.

Sunan kyamara a bayan waya

Inda wannan muhawara ta fi shafar talaka shi ne waya. A 2016 Huawei ya fitar da P9 ɗauke da sunan Leica. Bayan da wannan alaƙa ta ƙare, Leica ta koma wa Xiaomi a 2022. OnePlus ya ɗauki sunan Hasselblad a 2021, tare da alƙawarin zuba dala miliyan 150 a fannin kyamara cikin shekara uku, Oppo ma ya bi sahu. Vivo kuma yana tare da Zeiss tun ƙarshen 2020.

Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan sunaye a bayan waya, bai kamata ya ɗauka a Jamus ko Siwidin aka ƙera kyamarar ba. Sensa yawanci na Sony ne ko Samsung ko OmniVision. Abin da kamfanin kyamara ke bayarwa shi ne shawara kan tsarin gilashi, da daidaita launi, da wasu salon hoto a cikin manhaja, sai kuma izinin amfani da sunansa. Wani lokaci gudummawar tana da yawa, wani lokaci kaɗan ce.

Wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a kuwa, Tecno da Infinix da itel, duk na kamfani ɗaya ne, Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Suna uku, gida ɗaya, kowanne da aljihun da aka yi shi dominsa. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka ɗaga Tecno a Afirka shi ne daidaita kyamararsa domin ta fitar da baƙar fata da kyau.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shekaru da dama, katin gwajin launi da Kodak ke bai wa masu wanke hoto hoton farar mace ne, a kansa ake daidaita injina, shi ya sa fuskokin baƙaƙe suka riƙa fitowa a dushe. Ga mai hoto a Kano, babbar jarrabawar kyamara ita ce yadda take fitar da fuskar amarya a ƙarƙashin fitilun zauren taro, da zanen lalle, da farar shadda kusa da baƙar fata ba tare da ɗaya ta ƙone ɗaya ta nutse ba. Tambarin da ke jiki ba ya amsa wannan. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Sauya riga daban, jabu daban

Yana da muhimmanci a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa.

Abin da Leica da Hasselblad suka yi yarjejeniya ce tsakanin kamfanoni biyu, kuma kayan da ke ciki masu inganci ne. NEX-7 da RX100 da LX100 II duk kyamarori ne da aka yaba wa a lokacinsu. Mai saye ya biya fiye da kima, amma ba a ba shi gurɓataccen abu ba.

Jabu kuwa sata ce. Batirin da aka buga wa sunan Canon ba da sanin Canon ba, katin ajiyar da aka rubuta wa girman da ba shi da shi, wayar da aka sauya wa fuska da gida aka mayar cikin kwali aka ce sabuwa ce, duk algus ne. Daidai suke da shinkafar gida da ake ɗurawa a buhun 'yar waje, ko atamfar da aka buga wa hatimin kamfanin da bai san da ita ba.

Haɗarin wannan ga mai hoto ya fi na sauya riga nesa ba kusa ba. Katin jabu zai iya lalacewa da hotunan ɗaurin aure gaba ɗaya a ciki, sunan da aka yi shekaru ana ginawa ya rushe a yini guda.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sanya wa hannu a farkon 2019 ta kuma kafa hukumar FCCPC, ta haramta yi wa mai saye bayanin ƙarya ko na ɓatarwa game da kaya. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye. Sai dai doka ba ta hana kamfani sa wa kayansa tsada saboda suna ba. A wannan fagen, ilimin mai saye ne kaɗai kariyarsa.

Abin dubawa kafin a biya

Matakin farko shi ne neman asalin kayan. Rubuta sunan samfurin a intanet tare da shekarar fitowarsa kan nuna ko yana da tagwaye mai araha. Idan girman sensa da lambobin gilashi da nau'in batir duk sun zo ɗaya da na wata kyamarar, biri ya yi kama da mutum.

Na biyu, a tambayi abin da ƙarin kuɗin ya saya. Idan manhaja ce mai sauƙin aiki, ko jiki mai ƙwari, ko garantin da za a iya amfani da shi a Najeriya, wannan abu ne da za a iya aunawa. Idan tambari ne kawai, mai saye ya san abin ado yake saye, kuma wannan zaɓinsa ne.

Na uku, ga mai sayen na-hannu, a duba adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, domin a samfura da yawa ana iya karanta shi ta manhaja, kamar yadda ake duba tafiyar mota. A haska fitila cikin gilashi a ga ko akwai ƙura ko fumfuna. A ɗauki hoton farin bango ko sararin sama a duba ko akwai ɗigo a sensa.

Na huɗu, a gwada a kan fuskar mutum, a cikin ɗaki mai ƙarancin haske, a kuma buɗe hoton a babban allo. Allon waya da na bayan kyamara suna ɓoye aibi.

Na biyar, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kayan, a kuma yi magana a fili kan kwanakin da za a iya dawo da shi.

Ina aka dosa?

Babu alamar wannan salon kasuwanci zai tsaya. Muddin ƙera kyamara na ƙara tsada, masu saye kuma ba su koma yawansu na da ba, ƙananan kamfanoni masu babban suna za su ci gaba da jingina da masana'antun Japan da Sin, su kuma masu ƙera waya za su ci gaba da hayar tsofaffin sunaye domin su bambanta kayansu da na maƙwabta.

Abin da ya sauya shi ne saurin tonon asiri. A shekarun baya, sai mai gyara ya kwance kyamara kafin a san wanda ya ƙera ta. Yau cikin sa'o'i kaɗan da sanarwa an jera bayanan biyu gefe da gefe, kuma mai shago a Farm Centre da matashin da ke koyon hoto a Gyadi-Gyadi suna iya ganin abin da mai hoto a Landan ya gani, a waya ɗaya, a lokaci ɗaya.

Tarihin kamfanonin biyu ya nuna iyakar abin da suna ke iya ɗauka. Leica ta riƙe ratar farashinta a inda masu sha'awarta za su iya jurewa, tana kuma ci gaba da ƙera manyan kyamarorinta da kanta, shi ya sa ake gunaguni amma ana saye. Hasselblad ta ninka farashi ba tare da ta ƙara wa hoto komai ba, sai da ta sauya shugabanni, ta rufe cibiya, ta shafe shekaru kafin ta wanke sunanta. Mizanin da ya yi wa waɗannan hukunci, shi ne ke jiran duk wani mai situdiyo a Kano da ke karɓar kuɗin sunansa ya tura wani ya yi aikin.